Haƙƙin wanda ka rufe a akurki

  Yau ina tafe da wata tambaya wadda wani dattijo maƙwabcina ya yi mini. Na daɗe ina juya ta a zuciya. Ga ta: shin ya kamata magidanci mai hankali ya hana idonsa barci don ɓera ba shi da lafiya?

Kada ka yi saurin amsawa. Bari in ba ka labarin tukuna.

Yadda abin ya faru

Ɗana na fari, shekararsa 9, yana da ɓerayen masar guda biyu, mace da namiji. Kawunsa ne ya sayo masa su a kasuwa. Muka gina musu ɗan akurki na laka a bayan ɗakin uwarsa, muka sa masa ƙofa. Da damana ba su da wata damuwa. Yaron yakan fita safe da marece ya yanko musu ɗanyen haki. Da rani ya tsaya, haki ya bushe, sai muka koma ba su dussa da tsakin hatsi kawai. Muna ganin cikinsu a cike, muka ɗauka lafiya lau.

Namijin ne ya fara. Ya daina gudu. Gashinsa ya tattashi. In an taɓa ƙafarsa sai ya yi ƙara. Daga baya ya ƙi abinci. Yaron ya zo yana kuka, ya ce: "Baba, ka ba shi magani." Na ji tausayi. Ina da sauran kafso da aka rubuta mini lokacin da na yi ciwon haƙori. Na buɗe guda, na jiƙa garin a cokali, na ɗura masa. Washegari na ƙara. Kwana uku sai zawo ya kama shi. A na huɗu muka iske shi a miƙe.

Ba a yi sati ba macen ita ma ta fara ɗingishi, ta juya wa abinci baya. Wannan karon na sa ta cikin kwando, na rufe da tsumma, na tafi da ita wajen ma'aikacin kiwon lafiyar bisashe. Ya duba bakinta, ya lallatsa gaɓoɓinta, ya aza ta kan sikeli. Ya tambaye ni abin da take ci. Ya tambaye ni maganin da na ba namijin. Da na nuna masa takardar kafson, sai ya girgiza kai. Ya ce mini ciwon bai isa ya kashe shi cikin kwana huɗu ba. Maganin ne ya kashe shi.

Ya rubuta mini bitamin C da maganin rage zafin ciwo, ya ba ni sirinji, wato bututun allura amma babu tsinken, ya nuna mini yadda zan riƙa ɗura mata abinci. Ranar da dare ina zaune bakin ƙofa da fitila, ɓera a cinya, sai dattijon nan ya zo wucewa. Ya tsaya ya dube ni, ya ce:

"Malam, ɓera kake jiyya? Ga mutane suna kwana da yunwa, kai kana ɗura wa ɓera abinci? Nawa ne kuɗinsa? Ko zakara bai kai ba."

Na ce: "Baba, ka yi gaskiya, bai kai zakara ba." Daga nan na rasa abin faɗi. Amsar da na kasa ba shi a daren nan ita ce nake so mu nema tare, ni da kai.

Wane ne ɓeran masar?

Da farko mu san wanda muke magana a kansa. Sunan nan yana ruɗi. Ba daga Masar ya fito ba, kuma ba ɗan'uwan ɓeran rumbu ba ne na kusa. Asalinsa daga Amurka ta Kudu yake, can kan duwatsun Andes, wajen ƙasashen Peru da Bolibiya da Ekwado. Mutanen can sun yi dubban shekaru suna kiwonsa cikin gidajensu don nama, har yau kuwa suna yi. Bayan shekara ta 1500 jiragen ruwa na Turawa suka kai shi Turai, daga nan ya bazu cikin duniya. Masarar da muke nomawa ma haka take, ita ma daga Amurka ta fito.

Babba yakan kai nauyin giram 700 zuwa 1200, wato wajen kilo ɗaya. Yakan rayu shekara 5 zuwa 7. Macen takan yi ciki na wajen kwana 65, ta haifi ƴaƴa da gashinsu, idonsu a buɗe. Haki da ganye ne babban abincinsa. Haƙoransa 20 ne, kuma ba su daina tsawo har ya mutu. Taunar haki ce ke goge su. Da yake ɗan ƙasar sanyi ne, zafi yana wahal da shi ƙwarai. In zafi ya wuce digiri 30 yana iya hallaka shi. Shi ya sa a ƙasarmu yake bukatar inuwa mai iska, da jiƙaƙƙen buhu a kan akurki lokacin bazara.

Wa ya rufe ƙofa?

Yanzu mu koma ga maganar dattijo. Shi ya auna ɓeran da kuɗi. In da kuɗi za a auna, ya yi gaskiya, babu gardama. Amma ni ina ganin akwai wani mudu da ya kamata a yi awon da shi.

Dubi ɓeran da ke cikin rumbunka. Ba ka kira shi ba. Shi ke nema wa kansa abinci, shi ke haƙa raminsa. In ya yi ciwo ba wanda zai ce da kai don mi ba ka yi jiyyarsa ba. Dubi kuma zomon daji. In haki ya bushe a nan, sai ya nufi fadama. In rana ta yi zafi, sai ya nemi gindin sabara. Ƙafarsa ce gatansa.

To, wanda ke cikin akurki fa? Ni na gina akurkin. Ni na sa masa ƙofa. Ranar da na rufe ƙofar nan, na karɓe masa ƙafafunsa. Ba ya iya zuwa fadama. Abin da hannuna ya miƙa masa shi kaɗai zai ci. Ashe ciwon da ya kama su ma daga hannuna ya fito, tunda ni na zaɓi dussa. Da a sake suke, da sun nemi ɗanyen ganye da kansu.

Ka ga ke nan haƙƙin ba daga tsadar dabbar yake zuwa ba. Daga ƙofar yake zuwa. Duk wanda ya ɗaure akuya a turke, ko ya rufe kaza a akurki, ko ya sa wa jaki dabaibayi, ya ɗauki alkawari ko da bai buɗe baki ba. Alkawarin shi ne: na hana ka nema, don haka ni zan nema maka. Malamai ma sukan ba mu labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwa, don ta kulle ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Lura da laifin matar nan. Ba wanda ya ce dole ta ciyar da kyanwoyin duniya. Wadda ta kulle ita ce a wuyanta.

Tilas ta tausayi da tilas ta mugunta

Akwai wata tambaya kuma, wadda matata ce ta yi ta. Ta ga ɓeran tana kau da kai, ni kuwa ina bin bakinta da sirinji. Ta ce: "Malam, ba ta so. Ka ƙyale ta mana, in ta ji yunwa za ta ci." Maganar tana da kama da gaskiya. Mu mutane in muna zazzaɓi mukan yini ba mu ci ba, kuma ba ya kashe mu.

Amma ba duka jiki ne ɗaya ba. Hanjin ɓeran masar kamar injin niƙa yake wanda ba a so ya tsaya. Yini da dare abinci na wucewa ta cikinsa kaɗan-kaɗan. In ya yi awa 12 bai ci komi ba, hanjin yakan fara tsayawa. Iska ta taru, ciki ya kumbura, ya yi ciwo. Ciwon kuma ya ƙara hana shi ci. Ka ga yunwar da ake jira ba za ta zo ba. Ban da haka, dabba ce wadda kowa ke farauta a daji, saboda haka takan ɓoye ciwonta. Ranar da ka lura ba ta da lafiya, ta riga ta kwana biyu tana fama.

Don haka dole a ɗura mata. Amma akwai tilas iri biyu. Bari in faɗa maka yadda aka koya mini, kai da kanka za ka gane bambancin.

Na sami busasshen haki mai laushi da ganyen harawa mai tsabta, na daka, na tankaɗe. Na dama garin da tafasasshen ruwa wanda ya huce, na haɗa da ɗan dafaffen kabewa, har ya yi kaurin kunu. Ba a sa nono, ba a sa sukari, ba a sa gishiri. Sirinjin ƙarami ne, na mililita 1. An ɗan yanke bakinsa don kada abincin ya toshe shi.

Na naɗe ta cikin tsohon zane, kanta kaɗai ke waje. Na zaunar da ita a cinyata, ƙafafunta a ƙasa, kamar yadda take tsayawa kullum. Ba a kwantar da ita rigingine kamar jariri, don abincin yana iya bin hanyar numfashi ya shiga huhu. Bayan dogayen haƙoranta na gaba akwai wani fili da babu haƙori. Ta nan ake sa bakin sirinji, daga gefe. Sai a danna kaɗan, kamar rabin mililita. Sai a tsaya. A jira ta tauna, ta haɗiye. In ba ta tauna ba, ba a ƙarawa. Ɓeran masar ba ya iya amai, saboda haka abin da ka zuba ba shi da hanyar dawowa.

Nauyinta giram 800 ne. Aka ce in ba ta wajen mililita 40 a yini, in raba shi sau 7, har da tsakar dare. Kowane zama sirinji 5 ko 6, sa'an nan ɗan ruwa. Zama ɗaya yakan ci mini wajen minti 20. Kowace safiya in kai ta wajen mai sikeli, in rubuta nauyinta a takarda. In duba kashinta, don shi ne shaidar hanji na aiki. In na gama kuma in wanke hannu da sabulu.

Ka lura da abin da ke cikin aikin nan? Hannuna ne ke riƙe da sirinji, amma bakinta ne ke ba da umurni. Ta tauna, in ƙara. Ta tsaya, in tsaya. Mai tilas ta mugunta agogonsa yake dubawa, yana so ya gama ya tafi. Mai tilas ta tausayi bakin majiyyaci yake dubawa. Na taɓa ganin irin wannan aikin. Haka innata ta yi wa kakata da ludayi a ƙarshen rayuwarta, kurɓi ɗaya, ta jira, ta share mata baki, sa'an nan ta ƙara.

Tausayi ba ya isa shi kaɗai

Yanzu ga inda abin ya fi yi mini zafi. Ranar da na ba namijin kafso, zuciyata cike take da tausayi. Ba mugunta na yi niyya ba. Duk da haka ni na kashe shi.

Kafson nan amoksisilin ne, ɗan gidan fenisilin. Ga mutum magani ne mai amfani in likita ya rubuta. Ga ɓeran masar dafi ne. Dalili kuwa, cikin hanjinsa akwai ƙwayoyin halitta masu kyau, waɗanda ido ba ya gani, su ke taya shi narkar da haki. Fenisilin da amoksisilin da amfisilin sukan kashe masu kyan, su bar wa miyagun fili. Miyagun su yi yawa, su zuba dafi a hanji, zawo ya biyo baya, sai mutuwa. Akwai magungunan da suka dace da shi, amma likitan bisashe ne ya san su, shi ne kuma zai auna gwargwadon nauyi. Yi lissafi da kanka. An yi kafson don mutum mai kilo 60. Ni kuwa na juye shi a bakin mai kilo 1.

Gaskiyar Hausawa da suka ce rashin sani ya fi dare duhu. Tausayin da bai yi tambaya ba makaho ne. Da na taka zuwa wajen ma'aikacin nan tun farko, da ba a yi hasarar ran ba. Saboda haka ina ganin tambaya ma tana cikin haƙƙin. Wanda ya rufe ƙofa, dole ya san abin da na ciki yake ci, da abin da ke kashe shi. Wannan kuwa bai tsaya ga ɓera ba. Sau nawa muke ɗaukar sauran maganin wani mu ba akuya, ko kaza, ko ma yaro?

Bashin da yake bin mu

Da ma'aikacin nan ya ce rashin bitamin C ne ya kwantar da su, na yi mamaki. Ashe akuya da saniya da kare jikinsu ne ke yi musu wannan bitamin. Mutum kuwa jikinsa ba ya yi, sai ya ci ɗanyen ganye ko ƴaƴan itace. Ɓeran masar ma haka. A wannan wajen ya fi raƙumi kama da mu. Kullum yana bukatar abu ɗanye: haki, ko salati, ko kabeji kaɗan, ko tattasai marar yaji, ko yankin gwaiba.

Saboda irin wannan kamar ne masu binciken magani suka daɗe suna gwaji a jikinsa. A 1907, a ƙasar Norwe, likitoci biyu, Axel Holst da Theodor Frølich, sun ciyar da ɓerayen masar da hatsi zalla. Sai suka kamu da ciwon nan da ya daɗe yana kashe matuƙan jirgin ruwa, mai sa dasashi jini da ciwon gaɓoɓi. Da aka ba su ɗanyen kabeji sai ciwon ya kau. Wannan ne ya buɗe hanyar gano bitamin C. Ka ga abin da suka yi da gangan don neman sani, shi na yi a bayan ɗaki don rashin sani.

Kafin nan, a 1882, Robert Koch na Jamus ya nuna wa duniya ƙwayar da ke kawo tarin fuka, kuma da ɓerayen masar ya tabbatar da ita. Daga baya Albert Calmette da Camille Guérin, a cibiyar Pasteur ta ƙasar Faransa, suka yi shekara 13 suna raunana irin ƙwayar da ke kama shanu, suna gwada ta a jikin ɓerayen masar da wasu dabbobi. A 1921 aka fara ba jariri rigakafin da suka samo, wanda ake kira BCG. Ɗaga hannun ɗanka ka duba. Ɗan tabon nan na lamba da aka yi masa bayan haihuwa, shi ne. Ɓerayen masar masu yawa sun mutu kafin a kai ga tabon nan. Ba su san sun yi mana alheri ba, amma mu yanzu mun sani.

Inda dattijo ya yi gaskiya

Kada ka ce na watsar da maganar tsoho. Akwai gaskiya a cikinta. In yaro da ɓera suka kwanta rana ɗaya, kuɗin magani kuma na mutum ɗaya ne, yaro za a kai likita. Wannan ba ya bukatar shawara. Wanda kuma yake ɗura wa dabba abinci, alhali maƙwabcinsa na kwana da yunwa yana sane, to awonsa ya karkace.

Amma mu bincika. Mi jiyyar nan ta ci mini? Ɗan kuɗin magani, da haki, da barci. Da ban ɗura mata ba, ba wani mayunwaci da zai ƙoshi da dakakken haki. Sau da yawa in muka ce "ga mutane na wahala," ba don mu tashi mu taimaki mutanen muke faɗi ba. Don mu sami hanyar komawa kan tabarma ne. Tausayi ba hatsin rumbu ba ne da zai ƙare in an ɗiba.

Akwai kuma iyaka. Ma'aikacin ya gargaɗe ni cewa in ta daina haɗiya sam, ko numfashi ya gagare ta, in daina ɗura, in komo da ita. In ciwo ya fi ƙarfin magani, tsawaita wahalar dabba don kada yaro ya yi kuka ba tausayinta ba ne, tausayin kanmu ne. A nan likita yana da hanyar hutar da ita. Wanda kuma ya san ba shi da hali ko lokacin jiyya, ya ba wanda zai iya, ko kuwa tun farko kada ya gina akurki. Duk waɗannan hanyoyi ne na mutunci. Hanya ɗaya ce ba ta da kyau, ita ce a rufe ƙofa a kau da kai har wari ya sanar da mu.

Ƙarshen labari

Kwana biyu na farko nauyinta ya ci gaba da raguwa. A na uku ya tsaya. A dare na biyar na ajiye mata ganyen salati ina haɗa sirinji, sai na ji ƙus-ƙus. Na waiwaya, na gan ta tana ci da kanta. Na tashi yaron daga barci don ya gani. Bayan sati biyu ta daina ɗingishi. Yanzu mun shuka ɗan haki da salati kusa da randa, inda ruwa ke zuba, don kada rani ya sake samun mu.

Tun dare na uku yaron ne ke riƙe ta, ni ina danna sirinji. Daga baya muka yi musanya. Da farko yana gaggawa. Na riƙa ce masa: "Jira ta haɗiye." Har ya iya. Ban ɓoye masa ba cewa maganin da na ba namijin ne ya kashe shi. Ya kamata ya san babba ma yakan yi kuskure in bai yi tambaya ba.

Dattijon kuwa har yanzu in ya gan ni sai ya ce: "Likitan ɓeraye, ina kwana?" In amsa, mu yi dariya. Bai canza ra'ayinsa ba, ni ma ban canza nawa ba.

Kai fa, mai karatu? In kun taru da marece, ka karanta wa abokanka wannan, ku yi shawara a kai. Amma kafin nan, zagaya bayan ɗakinka. Dubi turke, dubi akurki, dubi garke. Ƙirga rayukan da ba su iya shan ruwa yau sai in kai ka kai musu. Sa'an nan ka ba dattijo amsa.

Allah ya ba mu lafiya, mu da bisashenmu. Sai wani jiƙon.